Garmaho, CD, manhaja ko memori: ina za ka ajiye kiɗan dandali a Gusau?

Ɗan yayata ne ya jawo wannan rubutu. Ɗalibi ne a Jami'ar Tarayya ta Gusau, ya fara koyon jita, sai ya yi kiciɓis da kundin Made in Japan na ƙungiyar makaɗan rok Deep Purple a YouTube, wato tarin waƙoƙin da aka ɗauka kai tsaye a dandali gaban 'yan kallo. Sati guda bai saurari komai ba sai shi. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya same ni a shago, ya ce, "Kawu, na ɗan tara kuɗi. Faifan garmaho zan saya irin na Alhaji, ko CD, ko kuwa in riƙa biyan manhaja duk wata?" Na ce ya ja benci ya zauna, don amsar ba ta tsaye ba ce. Duk hanyoyin nan na bi su. Wata ta ci min kuɗi, wata ta ci min rai.

Sai an san kayan kafin a zaɓa musu mazubi. Deep Purple Turawan Birtaniya ne su 5 a lokacin: Ian Gillan a waƙa, Ritchie Blackmore a jita, Jon Lord a ogan, Roger Glover a jitar bes, Ian Paice a ganguna. A watan Agustan 1972 suka je Japan karon farko, suka yi wasa dare 3 a jere, ranar 15 da 16 a Osaka, ranar 17 a zauren Budokan na Tokyo. Injiniyansu Martin Birch ya naɗi wasan da na'ura mai layi 8, kuma ba a koma situdiyo an yi wa naɗin kwaskwarima ba. Abin da aka kaɗa a daren, shi kake ji, har da tuntuɓen da aka yi. Aikin bai ci fiye da kimanin dala 3,000 ba. Don kasuwar Japan kaɗai aka nufe shi da farko, sai ga shi ya fito a Ingila a Disambar 1972, ya shiga Amurka a 1973, har ya kai na 6 a jadawalin Billboard. Waƙoƙi 7 ne kacal, amma sun ci kusan minti 77, ta ƙarshen ita kaɗai ta doshi minti 20.

Mu nan wannan ba baƙon abu ba ne. Duk wanda ya tashi da kaset ɗin makaɗan fada na Maradun ko Bakura ya san bambancin kiɗan da aka ɗauka a ɗaki da wanda aka ɗauka a ƙofar fada, inda guɗa take tashi, sanƙira yana yanko kirari, wani can gefe yana tari. Ɗaukar dandali taro ne aka kama aka ɗaure. Wannan ya sa ma'aunin da nake auna irin wannan kundi da shi ya ɗan bambanta da na kundin situdiyo, wanda kowace waƙa take cin gashin kanta.

Abubuwan da nake dubawa

Na farko kuɗi, amma ba farashin kayan kaɗai ba: har na'urar da za ta kunna shi, kuɗin dako daga waje, da abin da za ka ci gaba da biya bayan ka saya. Na biyu ƙarko a irin garinmu, inda zafin Maris da Afrilu kan kai digiri 40, hunturu ya zo da ƙurar da ke shiga ko cikin akwati, damina kuma ta kawo laima. Na uku sauƙi: in an ɗauke wuta ko sabis ya yi ƙasa, za ka ji kiɗanka? Na huɗu kasada, wato jabu, lalacewa a hanya, da yiwuwar a wayi gari abin ya fita daga hannunka. Na biyar shi ne wanda mutane suka fi mantawa: shin mazubin yana barin wasan ya tafi a jere ba yankewa, yana kuma raba sautin hagu da dama? A wannan kundi jita tana gefe guda, ogan yana ɗaya gefen, suna jifan juna da kiɗa. Akwai inda mawaƙin da mai jita suke yin tamkar waƙa da amshi, wannan ya rera, wancan ya mayar masa da tsirkiya. In lasifika ɗaya ce tal gare ka, kamar ta waya, ka rasa rabin daɗin.

Faifan garmaho

Alhajin da yaron yake nufi baffana ne. Ya yi aiki a masaƙar Gusau a zamanin da take tashe, kuma duk zuwansa Kaduna sai ya dawo da faifai. Nasa kwafin yana nan har yau cikin akwatin katako, a tsaye, a ɗakin ƙasa mai sanyi. In yaro ya miƙa hannu sai ya ce, "Kai, aje! Wanga ba abin wasa ba na." Ya fi shekara 40 yana riƙe da shi, kuma yana kaɗawa. Wannan shi ne hujjar masu cewa garmaho ya fi komai ƙarko, kuma gaskiyarsu, in dai ka ba shi irin ɗakin Alhaji.

Nawa labarin daban ne. Na yi odar sabon bugu daga waje, ya iso Kano lafiya, na sa aka ba direba a tasha. Bawan Allah ya kwantar da kwalin a bayan kujerar baya, ƙarƙashin gilashi, rana ta dake shi tun daga Kano har Tsafe. Da na zare faifan farko sai na gan shi ya yi tudu da kwari kamar kilishin da ya kwana a kan kara. Allura tana hawa tana sauka, muryar mawaƙi tana lilo. Roba ce, ba ta da wani sirri: ta ji zafin cikin mota ta saki. Ɗakin kwano marar silin ma yana iya yi masa haka sannu a hankali, musamman in an jibga faya-fayan a kwance ko an jingine su a karkace.

Kuɗinsa shi ya fi na kowa nauyi. Faifai 2 ne a kwali ɗaya, sabon bugu yakan kama tsakanin dala 30 zuwa 50, kuma sau da yawa kuɗin dako ya kusa kamo kuɗin kayan, ga abin da kwastan za su iya ɗorawa. Tsohon bugu ana samunsa a kasuwannin intanet na Discogs da eBay, inda masu sayarwa suke sa alamar lafiyar faifai. Kada ka sauka ƙasa da alamar VG+, wato faifan da bai sha wuya sosai ba, kuma ka fara tambaya ko suna aikowa Nijeriya, don da yawa ba sa yi. Bugun Japan na asali sunansa ma daban ne, Live in Japan, kuma na masu tara kayan tarihi ne, ba na ɗalibi ba.

Sannan ga na'ura. Nan ne mutane suka fi faɗawa rami. Ƙananan garmahon nan masu kama da jakar hannu suna danna allura da nauyin giram 5 ko fiye, alhali na kirki giram 2 ko ƙasa da haka yake sawa. Ka sayi faifan dala 40 ka ba irin wannan na'ura, kamar ka sayi shadda ne ka kai wa mai ɗinkin buhu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. In kuma gwanjo za ka saya, duba bayansa: wutarmu bolt 230 ce mai bugu 50 a daƙiƙa, ta Amurka bolt 120 mai bugu 60. Taransifoma za ta gyara maka bolt, amma in injin na'urar da bugun wuta yake auna gudunsa, faifan zai riƙa juyawa a hankali da kashi ɗaya cikin shida, kiɗan ya koma kamar na mai jin barci. Irin wannan inji ko a janareta ba ya zama daidai, don bugun janareta hawa da sauka yake. Kana kuma buƙatar amfilifaya mai ƙofar fono, ko ɗan akwatin da ke ƙara wa siginar allura ƙarfi, in ba haka ba sai ka kasa kunne kafin ka ji.

Ƙura kuwa abokiyar gaba ce ta kullum. Waƙa ta biyu a kundin tana farawa ne da ogan a hankali, shiru-shiru, kafin ta hau. A watan Janairu, in ba ka goge faifan ba, wannan wurin za ka ji shi da tas-tas kamar ana suyar gyaɗa a maƙwabta. Batun tafiya a jere kuma, sau 3 za ka tashi: ka juya faifai, ka canza, ka sake juyawa. Sai dai an tsara fuskokin 4 da hikima, biyu-biyu har fuska ta uku, sannan doguwar waƙar ƙarshe ta mamaye ta huɗu ita kaɗai. Wasu wannan tashin ne ma daɗinsu. Ni dai na gaji da shi.

Faifan CD

Ga wanda aka raina, kuma shi ne ya fi dacewa da mu. CD ɗaya yana ɗaukar har minti 80, don haka duk wasan yana shiga faifai guda, daga tafin farko har na ƙarshe, ba inda zai tsaya. Sautinsa cikakke ne, ba a matse shi ba, kilobit 1,411 a daƙiƙa. Farashinsa yakan tsaya tsakanin dala 10 zuwa 20, na hannu ya fi haka sauƙi, kuma da yake ba shi da nauyi, ɗan'uwa mai dawowa daga tafiya zai iya jefa maka shi a aljihun jaka. Na'ura ma wataƙila tana gidanku: duk tsohuwar DVD da aka ture ƙarƙashin talabijin tana kunna CD.

Wane bugu? Na 1998 faifai 2 ne, na biyun yana ɗauke da waƙoƙi 3 na ƙari, waɗanda ake dawowa a yi bayan jama'a sun ƙi watsewa. A 2014 an fitar da babban akwati mai ɗauke da dare ukun gaba ɗaya, wanda sai mai son ya ji yadda waƙa ɗaya take canza kama daga Osaka zuwa Tokyo. Mai koyon jita zai ƙaru da shi, amma ba da shi ake farawa ba.

Zafin ɗaki bai cika damun CD ba, sai dai kada a bar shi a rana. Abin da ke kashe shi karce ne, kuma ba ta inda ake zato ba. Kowa yana lallaɓa fuskar da ke sheƙi, alhali bayanan sun fi kusa da fuskar da aka yi wa rubutu. Karcen ƙasa ana iya goge shi, na sama in ya yi zurfi shi ke nan. Ƙurar hunturu kuma idon na'urar take rufewa, sai ka ga tana cewa babu faifai. Kasadarsa babba ita ce jabu. Na asali ƙasansa fari ne kamar azurfa, kuma a bugun da aka yi daga tsakiyar shekarun 1990 za ka ga ƙananan lambobi masu farawa da IFPI a zoben tsakiya. Wanda aka ƙona a kwamfuta sau da yawa ƙasansa yana ɗaukar kore ko shuɗi, kuma wannan rinin yana koɗewa da hasken rana.

Dabarar da nake yi: ranar da CD ya iso, ranar nake kwafe shi a kwamfuta a tsarin FLAC, wanda ke rage girma ba tare da zubar da komai na sauti ba. Kundin zai ci wajen megabayit 500. In kwamfutarka ba ta da wurin sa faifai, akwai na waje mai USB, ba shi da tsada. Daga nan faifan ya koma kwalinsa ya huta, kwafin ya shiga waya.

Manhajar biyan wata

Spotify ta shigo Nijeriya a Fabrairun 2021, Apple Music da YouTube Music ma suna nan. Wajen sauƙi babu mai kama ƙafarsu: ka rubuta suna, kiɗa ya tashi. Kuɗin mutum ɗaya a Spotify ko Apple Music a 2025 bai kai naira 2,000 a wata ba, kuma da shi za ka ji dubban kundaye, ba guda ɗaya ba. In kana son kwatanta wannan da wasu ɗauke-ɗauken da makaɗan rok suka yi a Japan a shekarun nan, nan ne wurin. Sai dai ka sa data a lissafi. Saurare ɗaya na minti 77 yana cin kusan megabayit 55 a kilobit 96, kusan 92 a kilobit 160, kusan 185 a kilobit 320. Wanda zai ji kundin kullum ya sauke shi sau ɗaya ya huta.

Tsarin kyauta bai dace da kiɗan dandali ba ko kaɗan. Ana cikin tafi, mai ganguna yana shirin shiga, sai talla ta faɗo. Ko a tsarin biya, ka shiga saiti ka kashe gaurayawa, ka kashe abin da ke narkar da ƙarshen waƙa cikin farkon ta gaba, ka tabbatar an kunna tafiya ba giɓi. Ka kuma duba shekarar bugun da ka danna, don sukan jera iri-iri da hoto kusan ɗaya.

Amma zanen aro ba ya rufe katara, kuma mu a Zamfara mun ga wannan da idonmu. Abin da ka sauke a manhaja ba naka ba ne. A Spotify, alal misali, sai wayarka ta leƙa intanet aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30, in ba haka ba waƙoƙin su kulle. A farkon Satumbar 2021 aka rufe layukan sadarwa a duk faɗin jihar saboda matsalar tsaro. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi sai ƙarshen Nuwamba. Wanda yake Ƙaura Namoda ko Talata Mafara a lokacin, kwana 30 ɗinsa sun cika sun wuce ba sabis. Kiɗa ba shi ne babbar damuwar kowa ba a watannin nan, Allah ya kiyaye gaba, amma darasin ya zauna min: mai kaset da mai memori suna jin abinsu, mai biyan wata yana kallon waya. Ban da wannan, ranar da ka daina biya komai ya tafi, kuma masu haƙƙin kundi suna iya janye wani bugu su sa wani ba tare da sun yi shawara da kai ba.

Fayil na saye, da na masu turi

Tsakanin CD da manhaja akwai sayen fayil kai tsaye. Shagon iTunes yana sayar da kundi a tsarin AAC mai kilobit 256, ba kulle a jikinsa, wajen megabayit 150, ka biya sau ɗaya ya zama naka. Ba dako, ba kwastan, ba direba. Matsalarsa biyu ce: sai da iPhone ko kwamfuta, don ba a saye ta Android, sannan batun kati. Tun 2022 bankuna da yawa suka tsayar da biyan kuɗin waje da katin naira, sai a 2025 wasu suka dawo da shi da iyaka. Ka tambayi bankinka kafin ka sa rai. Wannan gargaɗin ya shafi odar garmaho da CD ma.

Fayil ba ya lanƙwashewa, ba ya karcewa, amma mazubinsa yana mutuwa ba sallama. Katin memori na jabu ya cika kasuwa: a rubuta masa gigabayit 64 alhali cikinsa bai wuce 8 ba, sai ka cika shi ya fara cinye tsofaffin fayiloli. Ajiye kwafi a wuri 2 ko 3, ɗaya ba a cikin wayar da kake yawo da ita ba.

Masu tura waƙoƙi a bakin kasuwa kuwa, in ma an dace suna da irin wannan kundi, kuɗin bai kai na kwanon abinci ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Yawanci MP3 ne da aka tatso daga bidiyo, kilobit 128 ko ƙasa. Tafi da ƙarar faranta na mai ganguna su suka fi wahalar matsewa, shi ya sa a irin wannan fayil tafin mutanen Osaka yake komawa kamar ruwan sama a kan kwano. Tsarin MP3 kuma yakan bar ɗan giɓi tsakanin waƙa da waƙa, taron ya riƙa ɗaukewa yana dawowa. Sau da yawa jerin ma a birkice yake. Ga kuma haƙƙin masu abu, wanda ko sisi ba ya isa gare su.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko a nan | Sauƙi | Babbar kasada | Tafiya a jere |
|---|---|---|---|---|---|
| Garmaho | Dala 30 zuwa 50, ga dako da na'ura | Shekaru da yawa a ɗaki mai sanyi | Sai da wuta tsayayya da goge-goge | Lanƙwashewa a hanya | Tashi sau 3 |
| CD | Dala 10 zuwa 20, ga dako | Mai kyau in ba a karce ba | DVD ko kwamfuta ta isa | Jabu | Cikakkiya |
| Manhaja | Ƙasa da naira 2,000 a wata a 2025, ga data | Iya lokacin da kake biya | Ya fi kowa | Rashin sabis, janye bugu | Sai an gyara saiti |
| Fayil na saye | Biya sau ɗaya | Gwargwadon kwafin da ka ajiye | Sai iPhone ko kwamfuta | Kati ya ƙi, memori ya mutu | Mai kyau |
| Na masu turi | Ɗan kaɗan | Ba tabbas | Nan take | Mummunan sauti, haƙƙin mutane | Da giɓi |

Wa ya dace da wanne

In yanzu ka fara jin irin wannan kiɗa, ba ka ma tabbatar zai zauna maka ba, biya manhaja wata ɗaya ko biyu, ka sauke kundin da daddare lokacin da data take araha, ka ji shi da iyafis mai kunne biyu. In kana zaune a wajen Gusau, ko aikinka na yawan shiga ƙauyukan da sabis yake wuya, fayil ɗin da ke hannunka shi ne naka, ko na saye ko wanda ka kwafa daga CD. Mai iPhone da katin da ke wucewa ya sayi fayil ya huta da jiran kaya. Garmaho na bar wa mai ɗaki mai sanyi, mai sola ko inbata, wanda ya riga ya mallaki na'urar kirki, kuma yake da wanda zai riƙo masa faifan a hannu, a tsaye, daga inda aka saya har ƙofar gida. Wanda zai fara daga babu, kuɗin na'ura kaɗai zai saya masa CD masu yawa.

Ɗan yayata mai koyon jita ne, zai riƙa mayar da wuri ɗaya baya sau 20 har yatsunsa su kama, abin da allura ba ta jurewa, data kuma ba ta yafewa. Na ce ya nemi CD bugun 1998, mu kwafe shi a kwamfutar shago, ragowar kuɗin ya sayi lasifika guda 2 ya ajiye ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ya ce to garmahon fa? Na ce ranar Asabar ya sayi goro ya je gaida Alhaji, ya zauna nesa da akwatin, kada ya taɓa komai sai an ce ya taɓa.